Burodin Dubiya da Kwalbar Jamus

Da sunan Allah nake farawa, Wanda ya halicci ciki kuma ya san abin da ya zuba a cikinsa. Sunana Lami. A Zangon Kumasi aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na binne mijina. Koko da pinkaso, soyayyen kwaɓin fulawa, na sayar a bakin titi tun ina da ƙarfin ɗaukar tukunya ni kaɗai. Sai da na wuce arba'in na zauna a benci na koyi boko a ajin manya, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya gyara a ransa ya wuce. Maganar da zan faɗa ita ba ta karkace ba. Jinyar autata Zulai ce, kuma na rubuta ta ne don wata uwa ta ji tun kafin ta kai inda na kai.

Zulai tela ce, tana ɗinki a wani shago a hanyar Asokore Mampong. Tun tana ƙarama ba ta da jiki, amma tana da baki da dariya. Bayan Babbar Sallah ciwon ya soma. Gudawa ce da fari, irin wadda mutum zai ce wani abu ya ci. Ta tafi, ta dawo, ta zauna. Cikinta ya kumbura kamar mai juna biyu, sauran jikin kuma yana zubewa. Abin da ba zan manta ba shi ne ƙugin cikin. Ina ƙofar ɗaki ina kwaɓa fulawa, tana ciki kwance, ina jinsa kamar an tayar da injin niƙa a nesa. Takan dafe shi ta ce, "Mma, mutanen ciki sun fara taro." Tana wasa, ni ba na dariya.

Makon farko mai kemis ya ce zazzaɓin sauro ne. Na gaba ya ce taifot. Da muka je ƙaramin asibiti aka ce olsa, aka ce kuma jininta ya yi ƙasa. Aka ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta shanye kwali bayan kwali, idonta na nan fari fat kamar takarda. Bakinta ya yi gyambo. Gashinta ya riƙa biyo mataji. Al'adarta ta ɗauke. Rigunan da ta ɗinka wa kanta da hannunta suka zama kamar na aro. Kuɗi kuwa kada ku tambaye ni, jarina ya tafi, zannuwan da na ajiye a akwati suka bi shi zuwa kasuwar Adum.

Yanzu ku saurara, don nan ne maganar take. Mu a Zango ba a zuwa dubiya hannu wofi. Kuma me ake kawowa? Burodi. Mai shuga, mai bota, dogon nan na shayi, da gwangwanin madara da garin shayi in mutum yana da hali. Wannan ita ce ƙaunarmu, da ita muka taso. Marar lafiya ba ya iya tuwo, to a jiƙa masa burodi a shayi mai kauri a lallaɓa shi. Da labari ya bazu cewa Zulai ta kwanta, ɗakina ya koma kamar shagon mai burodi. Matan Islamiyya, abokan ɗinkinta, 'yan adashinmu, dangin babanta daga Suame, kowa da ledarsa. Duk lokacin da jikinta ya ƙara tsanani, masu dubiya su ƙaru, burodi ya ƙaru. Ni kuma da safe in zaɓo mata pinkaso mafi laushi daga kaskon farko, in tsaya a kanta sai ta cinye.

Gaba-gaba a wannan hidima ita ce Gwaggo Asabe, yayar marigayi mijina. Mace ce mai faɗa kamar ni, shi ya sa ba mu cika zama inuwa ɗaya ba, amma Zulai ranta ce. Kullum sai ta zo, ta zauna a bakin gado ta ce, "Buɗe bakin, 'yar nema. Ubanki ma da burodi na yi jinyarsa yana yaro." In ta fito tsakar gida kuma ta ja ni gefe.

"Lami, wannan ba na asibiti ba ne. Yarinya tana ci tana ramewa? Hannu aka sa mata."

"Wa zai sa mata hannu, Gwaggo? Me ta tare wa wani?"

"Ke dai ba ki san mutane ba."

Wasu ba sammu suka ce ba. Na ga yadda suke kallon ramarta su kalli juna, na san ƙanjamau suke nufi. Wata ta kuskura ta faɗa a gabana, na nuna mata ƙofa da ledarta a hannu. An yi gwajin ma, babu komai. An yi rubutu an sha, an yi sadaka, na kuma gode wa duk wanda ya yi mana addu'a, don ban san wadda Allah ya karɓa ba.

Da tsakiyar damina Zulai ta faɗi a shago, kan keken ɗinki. Daga nan aka tura mu babban asibiti. Wanda bai taɓa bin layin can ba kada ya ce ya san haƙuri. Ka zo da sanyin safiya ka tarar da mutane sun riga ka, a ce katinka yana wancan gini, ka je a ce mai katin ya fita, ka dawo an kira sunanka an wuce. Wata nas ta daka mini tsawa da Tiwi, yaren mutanen garin, kamar ni ce na kawo ciwon duniya, na mayar mata da Tiwin da ya fi nata kauri. Wata nas ɗin kuma ta ga Zulai tana layi tana rawar jiki, ta ɗauko kujerarta ta ba ta. Duka biyun ina tuna su.

A can Allah ya haɗa mu da wata likitar ciki, Ba'asantiya ce, ta ce kusa da Zango ta girma. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace ma "kai" take ce mata, amma ta fi masu Hausa da yawa sauraro. Ba ta fara da rubuta magani ba. Ta ce in faɗa mata abin da Zulai take ci daga safe zuwa dare. Na fara lissafi: pinkaso, burodi da shayi, taliya a kan wake da shinkafa, burodi kuma. Ta ajiye biro.

"Maame, me kike sayarwa?" in ji ta. Maame da yarensu uwa ke nan.

Na faɗa mata. Sai ta ce akwai wani ciwo da ake kira siliyak. An daɗe ana cewa na Turawa ne, shi ya sa ba a cika nemansa a jikinmu ba, amma tana ganinsa. Ta ce a cikin alkama da danginta akwai wani abu mai danƙo, gulutin, shi ne yake sa kwaɓin fulawa ya yi yauƙi ya ja. Ni da na shekara ina jan kwaɓi da hannuna, na gane abin da take nufi tun kafin ta gama. Ta ce wasu mutane, jikinsu yana ɗaukar wannan abu a matsayin maƙiyi, in ya shiga sai jiki ya tashi yaƙi, kuma hanjinsa yake ci da yaƙin.

Na miƙe na ce to yau an gama da burodi. Ta ce a'a. Sai an ɗebi jini an kuma leƙa hanjin tukuna, in aka daina yanzu gwajin zai yi ƙarya. Jama'a, a duk jinyar nan babu kwanakin da suka fi waɗannan yi mini nauyi. Ina yanka burodi ina miƙa wa 'yata, ina zargin shi ne yake kashe ta, likita kuma ta ce in ci gaba. Zulai ce ma take ƙarfafa ni. "Mma, kawo. In ban kwana muke yi da shi, bari mu yi shi sosai."

Ranar leƙen hanji aka zura mata wani siririn bututu mai fitila ta baki. Bayan an gama likita ta kira ni ta nuna mini hoton. Ni Lami, na ga cikin 'yata. 'Yar da na ɗauka wata tara a cikina ban gan ta ba, yau na ga abin da ke cikin nata cikin. Jajaye-jajaye, yana sheƙi, lanƙwasa bayan lanƙwasa, kamar wani gari da ba a taɓa shiga ba. Na ce Subhanallahi, na sake cewa.

Likita ta ɗauko tawul daga jikin ƙofa ta ce in shafa. Ta ce hanjin mai lafiya haka yake, da 'yan gashi-gashi tsaye, su ne suke tsotse amfanin abinci su kai wa jini. Sannan ta kama gefen mayafina mai santsi ta ce na Zulai haka ya koma. Abinci yana shiga yana zamewa ya wuce, shi ya sa take ci tana ramewa. Na tambaye ta wane magani zai mayar da su. Ta ce babu ƙwaya, babu allura. A cire alkama kawai, har abada, ko ɓurɓushi. Su da kansu za su sake tsirowa.

"Su tsiro? Kamar ciyawa?"

"Kamar ciyawa bayan ruwa, Maame."

Muka hau trotro, motar haya, muka kama hanyar gida. Ina ta tunanin Wanda ya shuka abu a inda rana ba ta shiga, ya kuma ba shi ikon sake fitowa bayan ya mutu.

Da sakamakon ya tabbata, na yi abin da ya kamata. Na daina pinkaso, don garin fulawa yana tashi ya sauka a kan komai. Na ba da kaskon da robobin kwaɓi, na koma masa ta shinkafa da ƙosai. Na bar dunƙulen miya na koma daddawa. Ashe abincinmu na gado duk nata ne: tuwon zafi, fufu, banku, doya, ayaba, gero, dawa, wake da shinkafa in an ce kada a sa taliya. Nono ne kawai likita ta ce a dakata da shi sai hanjin ya warke. Sannan na ɗauki kujera na zauna a ƙofar ɗaki. Duk mai dubiya na gaishe ta da kyau, na karɓi addu'arta, na ce ledar ta tsaya a waje. Kun san mu, mayar da kyauta zagi ne. An yi fushi da ni har a masallaci. Gwaggo Asabe ta ce, "Yau burodina ne guba? Boko ya shiga kanki da tsufa, Lami." Na ce, "Gwaggo, ki zage ni ki ƙara, amma ba zai shiga ba."

Kafin Maulidi ƙugin ya lafa. Gudawa ta tsaya. Wata safiya na ga Zulai a tsakar gida tana wanke kayanta tana waƙa, kumatunta sun fara dawowa. Masu cewa sammu suka yi shiru. Na ɗauka mun fita.

Ina da wa a Jamus, Yaya Sani, ya daɗe can. Duk jinyar nan yana aiko da abin da ya samu, yana kira yana kuka a waya kamar ba namiji ba. Da wani ɗan unguwarmu zai dawo gida biki, sai Yaya ya ba shi wata farar kwalba ya kawo mana, ya biyo ta da saƙon murya: "Lami, wannan shi ake kira furobayotik. A nan duk mai ciwon ciki shi yake sha. Ba magani ne mai ƙarfi ba, gyaran hanji ne. Da tsada na saya, a ba ta kullum."

Gwaggo tana wurin. Ta karɓi kwalbar ta buɗe, ta ga ƙwayoyin irin masu kwanso ne, ta ce, "Tsaya! Kwanson maganin Turawa da kitsen alade ake yin wani. Ba za a ɗura wa 'yar ƙanena haram ba." A nan kam na ba ta gaskiya. Muka yafa mayafi muka tafi wurin Malam Idi, mai makarantar Islamiyyar layinmu, mutum mai tsantseni. Rubutun kwalbar da Jamusanci ne, ya ɗauki hotonsa da waya ta juya masa, ya bi shi a hankali, ya kira wani abokinsa ya ƙara tambaya. Ya ce kwanson daga tsiro aka yi shi, babu alade, babu giya. Halal ne. Muka ce alhamdulillahi, muka dawo da farin ciki kamar mun ci jarrabawa.

Abin da muka tambaya shi aka amsa mana. Alade muka je nema. Ba wanda ya kawo alkama a ransa, ni ma da nake zaune a ƙofa ina korar burodi. A kaina alkama abinci ce, abinci kuma a tukunya yake ko a leda. Wannan magani ne, daga Turai, daga hannun ɗan'uwa, malam ya duba. Kowace safiya ni nake ba Zulai da bisimilla.

Ciwon bai dawo da ƙarfi ba, a hankali ya dawo. Kasala tukuna. Sai kumburi. Wata rana ina soya masa na ji injin nan ya tashi a ɗaki. Na birkice gidan. Na sake wanke tukwane, na canza mai niƙa, na daina sayen ko yaji a waje. Na tare Gwaggo na ce ta faɗa mini gaskiya ko tana ba Zulai wani abu a ɓoye. Ta rantse, ta yi kuka, ta daina zuwa. Daga ƙarshe na juya kan Zulai, don ta koma shago.

"Me kike ci a can? Biskit? Ƙawayenki suna ba ki?"

Ta dube ni da idanun nan da suka fara komawa ciki. "Mma, ni nake shiga bayin nan, ba ke ba. Kina ganin akwai biskit ɗin da ya kai wannan wahala daɗi?"

Muka koma layi, muka koma wurin likita. Ta sake bin abincin ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu komai ba. Sai ta ce, "Ban da abinci, me yake shiga bakinta?" Na ce babu, sai ƙarin jinin da ta rubuta, sai kuma na gyaran hanji da kawunta ya aiko. Na ƙara da cewa kada ta damu, an duba, halal ne. Zulai ta ciro kwalbar daga jaka.

Likita ba ta yi mana dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta buɗe ƙwaya ɗaya ta zazzage garin a tafin hannunta. Ta ce wannan garin da nake gani, halittu ne masu rai, suna barci, in sun shiga ciki su farka. Na matsa baya. Ta ce kada in ji tsoro, cikin kowa cike yake da irinsu, cikina ma, sun fi mutanen Kumasi yawa nesa ba kusa ba, suna taya mu narkar da abinci tun ranar da aka haife mu. Danginsu ne suke mayar da madara nono. Na dafe cikina. Shekara da shekaru ina yawo da al'umma guda, suna yi mini aiki, ban taɓa sanin suna nan ba balle in gode. Ashe da Zulai take cewa mutanen ciki sun fara taro, gaskiya take faɗa ba ta sani ba.

Ta ce halittun ba su ne matsala ba. Matsalar ita ce abin da aka kiwata su da shi, da garin da aka cika kwanson da shi, da injin da aka zuba su. Wani kamfani yana amfani da abin da ya fito daga alkama ko sha'ir, wani injinsa ɗaya da na kayan alkama. Irin waɗannan kayan ƙarin lafiya ba a tsananta binciken su kamar maganin asibiti, kuma ba kowane abu ake rubutawa a jiki ba. Akwai masu tsabta da aka gwada, in ana bukata ita za ta nuna mana. Amma babu wanda yake warkar da siliyak, barin alkama ne kawai.

"To shi ne ya mayar da ita baya?"

"Ban ce shi ne ba, Maame. Ba ni da injin gwada shi a nan. Na ce a daina mu gani."

Muka daina. Ba mu canza komai ba sai shi. A hankali, yadda ya zo, haka ya tafi. Ni ba likita ba ce, ba zan rantse a kan abin da ke cikin kwalbar nan ba, abin da idona ya gani na faɗa. Yaya Sani da na gaya masa a waya ya ce, "Da kuɗina na saya mata ciwo?" Na ce, "Yaya, ni da hannuna na soya mata nawa. Gwaggo a leda ta kawo nata. Duk cikinmu babu wanda ya zo da mugunta."

Saboda haka ga gargaɗina, ba zan sassauta shi ba. In naku yana ci yana ramewa, cikinsa yana kumburi, ƙarin jini ba ya kama shi, ku ce a duba masa siliyak, kada ku bari a ce ciwon Turawa ne. In an tabbatar, to duk abin da zai wuce maƙogwaro a yi masa tambaya, ko daga Makka aka kawo shi. Halal tambaya ɗaya ce, alkama tambaya ce ta biyu, malam yana amsa ta farko, likita ta biyu. Masu dubiya kuma, ku tambayi mai jinya kafin ku tsaya wurin mai burodi. Ayaba ma kyauta ce.

Na je har gida na ba Gwaggo Asabe haƙuri. Ta bar ni a tsaye na ɗan lokaci kafin ta ce in zauna, hakkinta ne. Ba ta ce za ta zo ba.

Bayan ƙaramar Sallah likita ta ce Zulai za ta iya gwada nono kaɗan-kaɗan. Ban san wa ya kai wa Gwaggo labari ba. Ranar wata Juma'a bayan La'asar sai ga sallamarta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, da ƙwarya a rufe da faifai.

"Mai gadi, a duba mini kayana," in ji ta. "Fura ce da nono. Wurin matar Bafulatanin nan na kasuwar shanu na je. A gabana ta daka geron. Da za ta mulmula a gari na ce wane gari ne, ta ce na gero, na ce ɗanɗana mini. Babu alade, babu alkama. Zai shiga ko in koma da shi?"

Na matsar da kujerata.

Zulai ta sha ludayi, ta ƙara, Gwaggo tana cewa a hankali 'yar nema, ba gudu zai yi ba. Muka zauna muna jira, mu biyu. Da aka jima Zulai ta kishingiɗa a tabarma. Ban ji kunya ba, na durƙusa na ɗora kunnena a kan cikinta, mace baliga mai sana'ar ɗinki. Tana dariya tana cewa Mma mene ne haka. Na ce ki yi shiru.

Babu injin niƙa. Sai wani ɗan motsi can ƙasa, a natse, irin na gidan da kowa ya san aikinsa.

Gwaggo ta ce, "Me kika ji?"

Na ce, "Suna aiki."

Ta ce, "Matsa in ji."

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wanda ya tsirar da ciyawa a cikin duhun hanji, babu abin da ya gagare shi.